Shekarar da Muka Rina Anko

Yau kwana huɗu ke nan marka ta kama mu a unguwarmu Romi, nan Kaduna, ruwa siriri wanda bai yi ƙarfi ba, bai kuma ɗauke ba. Wankin da na shanya tun Litinin yana nan a igiya ya fara tsami, gawayi ya ƙi wuta, gishiri ya jiƙe a cikin gwangwani. Rediyo kuma tun safe ba ta da zance sai rikicin da ya ɓarke a wata ƙasa maƙwabciyarmu, da fargabar kada ya tsallako mana. 'Yata Ladi tana aikin nas a ƙetare, nesa ƙwarai da inda ake rikicin, amma hakan bai hana ni tura mata saƙon murya har uku kafin tsakar rana ba. Ta amsa tana dariya, wai Mama ki riƙa duba taswira mana. Ni ba ni da taswira. Abin da nake da shi shi ne tunanin wata marka irin wannan, shekara talatin da 'yan kai, lokacin da ni ce a ƙetaren, ita kuma tana gida ba a ko yaye ta ba.

A lokacin mijina Yohanna yana aikin shif a wani kamfani a Kudenda, ni kuma ina sayar da citta da acca da ake kawo mini daga ƙauyenmu. A zumuntar mata ta cocinmu ni ce mai ba da waƙa, saura su amsa. Sai aka gayyace mu taron mata a wata ƙasa ta masu jin Faransanci. Ba zan faɗi sunanta ba, don na ci tuwonsu, kuma yawancin waɗanda na gani a can mutanen kirki ne.

Yohanna bai so tafiyar ba. Ya ce ya ji a rediyo suna cikin zaɓe, ga kuma Ladi wata goma sha huɗu kacal. Na ce masa kwana biyar ne, yayarsa Kande za ta zauna da yarinyar ta riƙa ba ta kunu, kafin ta gane ba na nan na dawo. Gaskiyar magana ita ce ban taɓa fita ƙasar nan ba, kuma ina so masu Faransanci su ji muryata. Wannan son ya fi ƙarfin hankalina a wancan lokacin, kuma ban yi wa kaina ƙarya a kai ba.

Shugabarmu Mama Saratu ce, tsohuwar shugabar makarantar firamare daga Unguwar Boro, mace mai jiki da murya, wadda har ta mutu ba ta daina ɗaukar mu 'yan aji uku ba. Ita ta kafa dokar tafiyar: kowa zanen anko biyu, ɗankwali biyu, farar riga biyu, babu kayan gida ko ƙyalle ɗaya. Dalilinta shi ne a taron da ya wuce wasu sun saka leshi sun kunyata marasa hali. Ban da haka ana bukatar wuri a mota don tulunan kiɗanmu da tsarabar da za mu kai, wato acca da masara da citta. A ƙofar coci ta tsaya tana buɗe jaka ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro wata atamfa da Rahila, ƙawata 'yar Filato, ta ɓoye a ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki, ta miƙa wa mijinta ya koma da ita gida. Ankon namu kuwa kore ne shar, sabo fil, ranar Lahadi fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a.

Kwana biyu muka yi a hanya. Da muka sauka a tashar garin, Mama Saratu ta ce ba za mu shiga kamar 'yan cirani ba. Ta jera mu biyu-biyu, mu goma sha takwas, tuluna a ka, ni a gaba ina ba da waƙa. Wasu samari suka biyo mu suna tafi suna ɗaga yatsu biyu, mu ma muka ɗaga musu. A wani layin kuma sai muka ga ana rufe shaguna, wata mata ta tofa yawu a gabanmu. Mama Saratu ta ce mu ƙara murya, haka ake karɓar bishara ko'ina, wasu da murna wasu da gaba.

Matar faston da za mu sauka wurinsu, Madam Marta, tana jin Hausa sosai don ta tashi cikin 'yan kasuwa. Ta dube mu daga sama har ƙasa, ta ja mu ciki, sai da ta sa sakata a ƙofa kafin ta gaishe mu.

"Mama, wa ya ba ku wannan zanen?"

"Namu ne, daga Kaduna," in ji Mama Saratu tana gyara ɗauri. "Ya yi kyau ko?"

"Ya yi kyau. Amma a garin nan yanzu mutum na iya mutuwa a kansa."

Ashe kore shi ne launin jam'iyyar da ke cewa za a yi mata maguɗi, kuma samarin ɗaya ɓangaren suna farautar duk wanda suka gani da shi. Mun ratsa tsakiyar gari muna yi wa wasu maci ba mu sani ba.

Washegari aka faɗi sakamako, kafin la'asar muka fara jin harbi. Taron da muka je dominsa ba a ko buɗe shi ba. Direbanmu ya fita neman mai, daga nan ba mu sake ganinsa ba sai bayan wata biyu a Kakuri, yana ba mu haƙuri. Rediyon fasto ta ce an rufe boda, don mutanenmu na tsoron kada abin ya tsallaka. Bayan kwana biyu na tsaya a bakin taga ina lissafin kwanaki a yatsa, na ga biyar ɗin da na yi wa Yohanna alkawari sun ƙare, ni kuwa ko hanyar gida ban fuskanta ba. Tsoron harbin yana nan, amma wanda ya fi ci mini rai shi ne Ladi tana neman nono tana samun cokali.

Sai marka ta sauko. Famfo ya ɗauke, wuta ta ɗauke, kuma mu ba mu isa mu leƙa waje ba saboda abin da ke jikinmu. Madam Marta ta so ta ba mu kayan sawa, amma a kwana biyun farko mutane suka yi ta shigowa harabar cocin da gudu, wasu da rigar barci kawai, duk abin da ke akwatinta ya tafi wurinsu. Mama Saratu, da yake ba ta iya ganin mutane a zaune, ta samo alli ta rubuta jadawali a allon makarantar Lahadi. Masu tarar ruwa daban, masu daka daban, masu shara, masu hura wuta, har da masu rarrashin yara. Tulunan kiɗanmu suka koma na ruwa. Da yake kowanne yana da huda a gefe, sai muka toshe da totuwar masara muka jera su a ƙarƙashin kwano. In ruwa ya fara ɗiga a ciki kowanne da irin ƙararsa, Rahila ta ce ko ba komai tulunan sun halarci taro.

Tsarabar da muka kai wa mutane mu muka taya su cinyewa. Makon farko sau biyu ake ci, tuwon masara da rana, kunun acca da yamma. Mako na biyu ya koma sau ɗaya, kunun ma in ka leƙa kana ganin gindin kwano. Da safe ruwan citta ne babu sukari, yana ƙona maƙogwaro yana ruɗin ciki na ɗan lokaci. Muka tsige zogalen fasto har ya koma sanda, muka bi ramar bayan coci da tafasa da ganyen kabewa. Rahila ta gano naman kaza a jikin wani ruɓaɓɓen kututture, ta ci ita kaɗai a gabanmu, muka zuba mata ido har yamma, da muka ga ba ta mutu ba muka yi miya da shi. Icce jiƙaƙƙe ne, hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa, duk idanunmu suka yi ja. Akwai wani zakaran fasto da yake yawo a tsakar gida yana taƙama, kowa na kallonsa yana haɗiye miyau. A kwana na goma sha biyar faston da kansa ya ce ya lura zakaran nan ya gaji da duniya.

Ni kuma ina da tawa damuwar. Tun kwana na uku ƙirjina ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya kama ni, rigata kullum a jiƙe. Manyan mata suka ce in ɗaure da zane sosai nonon ya kafe in huta. Na ƙi. Na ce wannan nonon na Ladi ne, da shi na bar gida da shi zan koma. A raina ina ganin in ya kafe, kamar na yarda ke nan ba zan koma da wuri ba. Sai in zagaya bayan banɗaki in tatse ina kuka, in wanke fuska in dawo in ba da waƙar yamma.

A kwana na shida wata yarinya mai suna Selin ta shigo, ƙafafunta duk ƙaya, da jariri ɗan wata uku a hannu. An ƙone layinsu, ba ta san inda mijinta yake ba, tsoro da yunwa sun ɗauke mata nono. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Madam Marta ta dube shi, ta dubi rigata da ke jiƙe. A wurinmu ba a ba ɗan wani nono haka kawai, sai manya sun zauna sun yarda. Na faɗa wa Mama Saratu haka.

"Wane babba kike nema bayan ni?" ta ce. "Zauna ki ba shi."

Ya kama kamar zai cire mini rai. Ba zan yi wa kaina ado ba: ranar farko ba don shi na yi ba, don Ladi na yi, saboda in ana sha ba zai kafe ba. Amma yaro ba ya tambayar dalili. Kafin mako ya zagayo na san kukansa a cikin kukan yara goma, shi ma in ya ji muryata sai ya fara juya kai. Ni da Selin ba mu da yare ɗaya. Takan zauna a gefena ta riƙe ƙafarsa yana sha, in ya ƙoshi in miƙa mata. Muka sa masa suna Ɗan Zumunta. Matan suka yanke shawara a riƙa ƙara mini ludayi ɗaya na kunu, Rahila kuma ta riƙa kirana saniyar coci, tana cewa a yi mini a hankali kada in yi tsami.

Yanzu in Ladi ta ci abinci sai ta turo mini hotonsa. A lokacin kuwa wasiƙa ɗaya muka rubuta mu duka, muka ba wani mai fataucin goro da ya ce ya san hanyar daji, har yau ba ta iso ba. Daga baya na ji yadda aka yi a gida. Mazajenmu in sun tashi daga aiki sai su taru a coci su kewaye rediyo ɗaya. Mutanen Romi, da yake mun san abin da ake kira rikici, suka fara tara gari da kananzir, wasu suka tura yara ƙauye, wai abin yana zuwa. Aka kuma yi ta yaɗa cewa an harbe wasu mata masu koren zane. Yohanna ya je har boda, aka koro shi.

A kwana na ashirin labari ya zo cewa za a buɗe boda na kwana biyu don baƙi su fita. Fasto ya samo wani Alhaji ɗan Zariya mai motar albasa, wanda shi ma rikicin ya tsare. Ya leƙo ya gan mu, ya ce zai ɗauke mu don Allah, amma akwai shingayen samari a hanya, ko ɗankwali kore ba zai hau motarsa ba. Rahila ta ce ai sai a rina, kakarta marina ce, ta ga yadda ake yi. Mama Saratu ta ce sam. Zanen da aka yi wa addu'a ba za a tsoma shi a baƙin tukunya ba, wanda ya kawo mu da shi zai mayar da mu da shi. Aka yi ta magana har rana ta yi tsaka, ga kwana biyun nan suna tafiya. Ban taɓa mayar mata da magana ba, amma ranar na tashi da Ɗan Zumunta a kafaɗa.

"Mama, ki yi haƙuri. Fastonmu na gida ya yi wa zanen addu'a, na gani. Amma ni ma ranar da aka yi wa Ladi suna an yi mini addu'a in rene ta. Wacce za mu bari ta faɗi?"

Ta miƙe tsaye. Sannan ta shiga ciki, ta fito da zanenta na biyu, ta ce wa Rahila ta ɗora tukunya, nata za a fara sawa.

Abin da muka zuba a tukunyar nan ba marinin da zai yarda da shi: shunin wanki, dakakken gawayi, baƙin gindin tukunya, ɓawon mangwaro, da kanwa. Rahila tana juyawa da muciya tana ba da umarni kamar ta san abin da take yi. Babu rana, sai a kan hayaƙi muka busar da su. Launin da ya fito ba shi da suna, wani abu ne tsakanin toka da ruwan kwata, ga wari. Amma ba kore ba ne, mu kuma abin da muke nema ke nan.

Da safen da za mu tafi na ba yaron ya sha har ya yi barci. Madam Marta ta ce nonon Selin ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ban tambaye ta kaɗan ɗin nawa ne ba. Na karɓi maganar da hannu biyu don ina bukatarta, na miƙa shi, na hau mota ban waiwaya ba.

Motar buɗaɗɗiya ce, tampol ɗin kuma na albasa ne ba namu ba. Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko. Sai na ga wani baƙin layi yana gangarowa daga ɗankwalin Rahila zuwa hancinta. Na duba ƙafata, ita ma haka. Rinin kakar Rahila yana bin ruwa, a gwiwa da kafaɗa koren ya fara leƙowa. Muna cikin haka motar ta rage gudu, ga gungume a kan titi, ga samari da adduna. Rahila ta ce kowa ta duƙa ta rungume gwiwa. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Addu'a ma ta gagare ni, sunan Ladi kawai nake maimaitawa.

Ɗaya daga cikinsu ya taka taya ya leƙo. Abin da ya gani shi ne mata goma sha takwas a duƙe, ramammu, fuska duk zane-zanen baƙi da shuɗi, idanu jawur saboda hayaƙi da albasa. Ya tsaya yana kallo, idonsa ya fara sauka kan zanen Mama Saratu. Sai ta yi tari, mai ƙarfi, daga can cikin ƙirji. Mu kuwa shekara da shekaru an horar da mu in an bayar mu amsa. Ba wadda ta yi shawara da wata, mu goma sha bakwai muka amsa mata da tari a tare. Saurayin nan ya diro ya toshe hanci da riga kamar ya ga masu annoba, ya yi wa Alhaji tsawa da yarensu. Alhaji ya ɗaga kafaɗa, ya nuna shi dai kaya aka ba shi. Kafin ka ce me an janye gungumen.

Sai da muka tsallaka boda dariya ta zo mana, muka yi ta har da hawaye, Alhaji ma ya tsayar da mota ya yi tasa. Rahila ta ce mun yi ƙarya a zumunce. Mama Saratu ta ce ita ba ta yi ƙarya ba, albasa ce ta shaƙe ta, kuma a kan wannan maganar ta tsaya har ƙarshen ranta.

Ranar da muka shigo Romi kwananmu ashirin da uku da barin gida. Layinmu ya cika, ana guɗa ana kuka, yara kuma suna gudu don sun ga dodanni. Yohanna ya wuce ni sau biyu yana nemana. Da ya gane ni ya riƙe hannuna, ya share ido ya ce, "Kwana biyar ko, Laraba?"

Ban tsaya ba shi amsa ba, na kutsa cikin gida. Ladi tana zaune a cinyar Kande, ta yi ɓulɓul, tana riƙe da cokali da kanta. Na wanke fuska da sauri, na durƙusa, na kira ta, na buɗe riga. Ta dube ni, ta dubi abin da na adana mata kwana ashirin da uku, sai ta juya ta cusa fuska a ƙirjin Kande.

"Ai ta yayu," in ji Kande a hankali. "Kwana uku kawai ta yi kuka. Yanzu har tuwo take ci."

Kowa ya ce abin godiya ne, kuma abin godiyar ne. Na yi dariya tare da su, na ce yarinyar nan ba ta da kara. Kafin mako ya ƙare ta dawo tana bina ko'ina.

Amma a ranar, da la'asar ta yi, ƙirjina ya cika kamar yadda ya saba, don lokacin shan Ɗan Zumunta ne. Na zagaya bayan ɗaki cikin masarar da Yohanna ya shuka, na tatse a ƙasa, ruwan sama yana wankewa. A nan ne na tuna ban taɓa tambayar Selin sunansa na gaskiya ba.